Ranar da Aka Ƙara wa Guguwa Aji

Duk unguwar babu ɗan tseren keke kamar Darakta, wanda ya raɗa wa kansa suna Guguwa. Kekensa a kafe yake a falo, gaban talabijin, bai taɓa taka ƙura ba. A kansa yake tsere da mutanen duniya ta intanet, fanka na yi masa fifita. Kullum shi ne na ɗaya.

"Nasara a jinina take," yakan gaya wa ma'aikatansa, su kuwa su gyaɗa kai, don suna son aikinsu.

Abin da ba ya faɗa shi ne, tseren aji-aji ne. Na'ura ke auna ƙarfin tuƙin mutum da nauyinsa, ta haɗa shi da tsararsa. Guguwa ya yi zamansa a ajin ƙarshe, cikin sababbin shiga da masu jinyar gwiwa. Da ya ga ƙarfinsa ya kusa iyakar ajin, sai ya sassauta ƙafa, kada a ɗaga shi. Haka bawan Allah ya yi ta cin zalin tsofaffi yana kiran abin horo.

Ran nan ya gayyato surukansa kallo. Ya matse tumbi cikin riga mai sheƙi, har da tabarau, a falo.

"Ku matsa baya," in ji shi, "kada iskata ta kwashe ku."

Aka fara. Wan matarsa ya leƙa talabijin ya ce, "Ƙanena, wannan ce guguwar? Ai ko ni da silifas na kamo ka."

Zuciya ta ɗebi Guguwa. Ya miƙe kan feda, ya manta da iyaka, ya zuba ƙarfin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya ci tseren da tazara mai ban tsoro, falo ya kaure da tafi.

Sai saƙo ya fito: an ƙara masa aji.

"Ƙarin girma!" in ji surukai, suna ta sa albarka. Ya yi murmushin yaƙe, don ya san 'yan sabon ajin sun fi ƙarfinsa. Suka ce mako mai zuwa da maƙwabta za su dawo.

Suka kuwa cika alkawari. Guguwa ya yi tuƙi har tabarau ya zame. Lokacin da ya iso layin ƙarshe, sauran 'yan tseren sun kashe na'urorinsu, baƙi sun watse, matarsa na tsaye da tsintsiya tana jira ya ɗaga mata keken.