Gwaggo Ta Mutu, Wannan Karon Turi Bai Tashe Ta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da tsamin tafiyar ƙasa, ni shugabar makarantar firamare ta bayan kasuwa, a madadin maigidana da 'ya'yanmu da ɗaukacin malamai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a gaban shagon mai faci, bayan jinyar wata goma sha ɗaya.

Na san wasu za su ce ai sun sha jin Gwaggo ta mutu. Gaskiya ne. Ta mutu a shataletale, ta mutu a danja, ta mutu a ƙofar asibiti har masu gadi suka fito da gadon tura marar lafiya. To, waccan mutuwa ce ta a tura a tashi. Wannan kuwa an tura, an sake turawa, har ladan ya sa hannu, shiru.

Shekara goma sha tara muna tare. Marigayiya mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba sai wadda aka ajiye. Ta ɗauki alluna, ta ɗauki buhunan alli, ta ɗauki malamai bakwai a kujerar mutum uku ba ta kai ƙara ba. Da safe sai ta yi gyaran murya sau biyu, "kikiki, kikiki," sannan ta ce "burrum," unguwa ta san bakwai ta yi.

Ciwon ajalinta ya fara ne a hankali. Muna cikin tafiya lafiya lau, sai in ji ta yi "tuf," fitilun gabana su ɗauke, sitiyari ya sandare. In na murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Na lura ta fi yin haka in mun faɗa rami ko mun hau tudun rage gudu, na kuma faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Babu wanda ya saurara.

Bakanike na farko ya ce famfon mai ne, aka canza. Na biyu ya ce na farko bai san aiki ba, filogi ne, aka canza. Na uku ya wanke kafireta, ya busa tiyon mai da bakinsa har ya yi kwana biyu yana gyatsar fetur. Abin takaicin, duk wanda na zare wa makullin motar na miƙa masa, sai ya zaga gari da ita, ya bi ramuka, ya dawo yana murmushi. Gwaggo ba ta taɓa mutuwa a hannun namiji ba. Ni kaɗai take yi wa.

Daga nan aka bar binciken mota aka koma binciken ƙafata. Maigida ya zauna a gefena mako guda yana kallon yadda nake sakin kuloci, yana girgiza kai kamar mai duba jarrabawa. Ya ce, "Malama, motar nan ƙalau take. Ke ce ba ki lallashinta." Ni da na koya masa ribas.

Sai ƙaninsa ya shigo maganar, wanda muke kira Injiniya duk da cewa tabarau yake sayarwa. Ya saurari injin da kunne ɗaya, ya ce ciwon na ciki ne, sai an buɗe. Aka buɗe. Aka baje hanjin Gwaggo a kan kwali kwana tara, ba a ga komai ba, aka mayar. Bakaniken da ya yi aikin ya miƙo mini gwangwani da noti uku a ciki ya ce waɗannan rara ne, dama can ba su da aiki.

Ranar Talatar nan kuwa ranar jarrabawar 'yan aji shida ce, takardun yara tamanin da huɗu suna kujerar baya, kuma dole a buɗe su ƙarfe tara daidai. Gwaggo ta mutu sau huɗu tsakanin ofishin ilimi da gada, ina tayar da ita ina ba ta haƙuri. A na biyar ba "tuf" ta ce ba. Ta ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas," farin hayaƙi ya turnuƙe daga bonet, ruwan lagireto ya malale a titi. Ashe ɗaya daga cikin rarar nan shi ke riƙe da tiyon ruwa. Inji ya buga. Na tare motar mai raba biredi, na zauna a tsakanin tire-tire da takardu a cinyata, muka isa saura minti shida. Yara sun rubuta jarrabawa tana ƙamshin bota, kuma an ce ba a taɓa ganin aji mai nutsuwa irin wannan ba.

Da yamma na koma wurin gawa tare da wani dattijo mai gyaran wayoyin lantarkin mota, don ya cire batir. Hankalina ba ya jikina, sai na miƙa masa makullaina gaba ɗaya ban zare nata ba. Hannunsa ya yi ƙasa. Ya ɗaga su yana kallo: na azuzuwa goma sha biyu, na ofis, na sito, na banɗakuna, na gida, na akwatin ƙararrawa, da abin yanke farce.

Ya ce, "Hajiya, da wannan kayan kike tuƙi?"

Na ce, "Kullum."

"In za ki ba bakanike fa?"

"Sai in zare masa nata kaɗai. Ai ba na ba wani makullan makaranta."

Ya sa makullin a mazauninsa, ya murɗa, fitilu suka kawo. Ya ɗan taɓa tarin da yatsa, suka yi lilo, fitilu suka ɗauke. Ya sake, suka sake. Nauyinsu ne ya cinye makunnin motar tsawon shekaru, duk ramin da muka faɗa sai su ja shi ya kashe motar. Ya ce gyaran bai kai a sha shayi a gama ba.

Jama'a, na yi dariya a bakin titi har na zauna a kan tayar mai faci, ina yi ina share hawaye. Ni na kashe Gwaggo, amma ba da ƙafata ba, kuma ina so a rubuta wannan a kai wa maigida. Tun ranar in na shigo falo sai ya ɗaga jarida. Injiniya kuma ya yi tafiyar da ba a san ranar dawowarsa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar sabon famfon mai, da filogi huɗu da ko wata uku ba su yi ba, da safayar taya da ba ta taɓa shan iska ba, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda ya ƙi wankuwa, da maƙwabta masu yawa da suka yi ƙwanji a dalilinta.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga shagon mai faci zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a ofishina bayan an tashi, amma ba a karɓar shawara. Motar mai biredi ce za ta ja ta da igiya, ni kuma zan zauna a sitiyari. Na roƙi direban ya tafi a hankali. Gwaggo ba ta taɓa wuce gudun arba'in ba a rayuwarta, ba na so a tsorata ta a tafiyar ƙarshe.