Nomau Ya Tsare Gidan Tasalla

A garinmu, gidan da ya wuce damina babu kowa a ciki ya zama kufai, mai unguwa sai ya ba wani. Tasalla kuwa dole ta tafi Funtuwa jinyar 'yarta, kuma ba ta da kowa sai ƙanenta Nomau, mutumin da in ka ce ya ɗebo ruwa, sai ka ƙara da cewa a guga. Maƙwabcinsu Barau ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gidan.

Wata rana, ranar tafiyarta, ta ce masa kada hayaki ya yanke a gidan. Nomau ya tara ɗanyen ganye ya cinna, bai bari ya mutu ba. Unguwa ta taho da bokitai, suka tarar da shi yana fifita, idanu jawur.

Wata rana ta aiko direban motar kasuwa ya ce masa ya riƙa kwana a kowane ɗaki, don kada gara ta ci su. Da ya gama ɗakuna sai ya shiga rumbu, daga nan ya cusa kai akurki. Kaji suka yi fushi suka koma bisa katanga, shi kuma ya tashi da ƙuma har cikin kunne.

Wata rana direban ya sake kawo saƙo: kada ya kuskura ya fita daga gidan. A makon ne Barau ya je ya rantse wa mai unguwa cewa gidan kango ne, Nomau yawonsa kawai yake yi. Mai unguwa ya aika a kira shi.

"Ku gaishe shi," in ji Nomau. "Yaya ta ce kada in fita."

Ba a taɓa yi wa mai unguwa haka ba. Ya taso da kansa a fusace, Barau na biye. Nomau ya tare su daga cikin zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, ya yi musu sannu da hanya.

Mai unguwa ya sha ruwan, ya dubi Barau.

"Ni na kira shi bai fito ba. Kai ne za ka fitar da shi?"

Da Tasalla ta dawo a lokacin kaka, ta dafa bangon zaure ta yi kuka don daɗi. Nomau ya jira ta gama, ya ce, "Yaya, yanzu in fita?"