Ranar da Na Wanke Tarihin Mista Hal

Ba zan taɓa mantawa da makona na farko a aikin kula da tsofaffi ba, ko da ni ma na tsufa har na manta sunana.

Wata takwas na yi a ƙasar Turawa, a unguwar Morris Heights, ba aiki, sai kallon bango, kafin Anti Balkisu, 'yar Kumasi da muke hawa ɗaya a benenmu, ta samo mini wannan. Ta ce, "Ƙanwata, one week trial ne fa. In 'yar tsohon ta ce no, finish." Wato gwajin mako ɗaya ne, in ba ta yarda ba shi ke nan. Na ce ta bar ni da su. Ni da na tashi a Fagge, a gidan da ake duba fuska a gindin tukunya? Na ɗaura ɗamara, ko ana ha-maza-ha-mata sai na riƙe aikin nan.

Tsohon sunansa Mista Hal, yana zaune a unguwar Riverdale. Da ƙuruciyarsa golf ce sana'arsa (wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda a bi ta a ƙafa rami-rami ana jefa ta ciki, wai kuma har a biya mutum). Shekara ashirin yana yawon gasa jiha-jiha, sau ɗaya tak ya ci kofi. Yanzu mantuwa ta kama shi. Ba ya tuna ko ya karya, amma kullum da safe sai ya nuna wani ɗan akwatin gilashi a falo ya kama ba ni labari. Turancina lokacin bai wuce na cefane ba, sai dai in ce "yes, Papa" ina ta goge-gogena.

Abin da ke cikin akwatin ne ya tsaya mini a rai. Ƙwallo ce ƙazama, rabinta busasshen taɓo, ga wani rubutun biro duk ya dushe. Na ce lallai masu aikin da suka riga ni ragwaye ne na ƙarshe.

Ranar Juma'a 'yarsa za ta zo yanke hukunci. Tun da safe na jiƙa ƙwallon a ruwan zafi da bilic, sinadarin nan mai sa kaya su yi fari. Taɓon ya ƙi fita, ni ma na ƙi. Na ɗauko soson ƙarfe, na haɗa da tsohon buroshin haƙori, na dirje ta har yatsuna suka yi ja. Ta fito fara tas kamar ɓararren ƙwai.

Da 'yar ta iso, na ɗora ƙwallon a faranti (faranti fa, jama'a!), na kai gabansu har da ɗan rusunawa, ina jiran yabo. Ta dafe baki. Na ɗauka murna ce, har na ce, "Ba komai, ai aikina ne."

Sai ta yi mini bayani a hankali, kalma-kalma, yadda ba zan kasa ganewa ba. Da wannan ƙwallon ya ci kofinsa. Taɓon na ramin ƙarshe ne, ranar ana ruwa. Rubutun kuwa na mahaifiyarta ne, marigayiya.

Tsohon ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Ina tawa?"

Wallahi kunyar ta wuce ta rasa aiki. Abu ɗaya ya rage wa bawan Allah yana tunawa, ni kuma na tura shi magudana.

Amma ban gudu ba. Na durƙusa, na dunƙule masa ƙwallon a hannu, na fara ba shi labarinsa da gurgun Turancina. Ashe ina goge-goge kunnena na kwasa. Na ce ruwan sama, na ce ramin ƙarshe, na ce matarsa tsaye da lema. Sai babban yatsansa ya kama shafa wani ɗan tabo da sanda ta yi wa ƙwallon, wanda sosona bai iya da shi ba.

"A'a," ya ce, "ba lema ba ce. Jarida ta ɗora a ka." Daga nan ya ƙwace labarin ya kai shi ƙarshe.

'Yar ta share hawaye, ta ce in dawo Litinin, amma duk abin da ke cikin gilashi in gaishe shi daga nesa.

Rubutun matarsa dai ya tafi har abada, ni ce sanadi. Shi ya sa yanzu ko a gidan wa, kafin in ɗauki soso sai na tambaya: wannan dauɗar ta wankewa ce, ko ta gado?