Igiyar Shanya a Kantin Kwara

Bulus ne ya ja mini, ko da yake bai sani ba. Tare muke aikin wuta a Sabon Gari kafin 'yancin kai, amma kullum shi ubangidanmu ke yabo: "Ku dubi aikin Bulus!" Ni kuwa raina ya yi ta suya.

Ranar da wani Kwara, Balarabe mai kanti a Fagge, ya sayo injin sanyaya ɗaki, Bulus ba ya nan, sai aka tura ni. Doka ta ce bututun nan mai lanƙwasuwa da waya ke bi ta cikinsa dole a kafe shi jikin bango. Na ce wannan iyayin Bulus ne. Na bar shi yana lilo, na tafi ina taƙama.

Washegari maigadin kantin ya wanke babbar rigarsa, ya ga igiya a banza, ya shanya. Bututu ya fizge, wuta ta yi tartsatsi, riga ta huje. Kwara ya fito yana ihu: "A kirawo mini Bulus!" Har sunansa ya sani!

Har yau in na ratsa Fagge sai wani ya ɗaga murya: "Malam, wanki ya taru, yaushe za ka ja mana waya?"