Rasuwar Firinta, Uwar Bareyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba wani, tsohon telan nan na hawa na biyu, wanda ciwon ido ya raba da keken ɗinki, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar firintarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin yanka, bayan doguwar jinya. A bakin aiki ta rasu, da rabin barewa a bakinta.

Marigayiyar ba haifaffiyar gidan ba ce. Ɗan tela ne ya kawo ta a bayan mota lokacin da ofishinsu ya yi sababbi, ya ce a ajiye masa kwana biyu, bai sake tayar da maganar ba. Tela har ya fara ɗora mata kwanon maɓallai. Sai wata Asabar jikarsa, wadda yake kira Shugaba domin ba ta iya roƙo ba sai ba da umarni, ta zo da takarda mai zanen barewa daga makaranta, ta ce tana son garke guda. Aka ɗaga murfin marigayiyar, aka kifa takardar, aka danna. Ta yi gyaran murya, ta ce gurrr, ta ce ƙat-ƙat, ta amayo barewa ta biyu da ɗuminta. Tun daga ranar Shugaba ba ta ƙara fashin Asabar ba, ita da a da sai an ja ta take hawa benen nan gaida kakanta.

Shaidar da za a yi wa marigayiyar ta alheri ce. Ba ta taɓa cewa ta gaji da barewa ba, ba ta taɓa neman a canza mata da zaki ko jirgin sama ba. Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: ba ta fitar da ƙahon hagu. Kowace barewa da ƙaho ɗaya take fitowa, kamar wadda ta yi faɗa a hanya. Shugaba sai ta ja tsaki, ta ce, “Tsoho, firintarka ma ta tsufa kamar kai. Miƙo fensir.” Ita ke zana ƙahon da hannunta, wani mai rassa uku, wani ya fi barewar tsawo. Sai ta shafe ta da launin da ta ga dama, shunayya ko kore, tela ya yanke da almakashinsa, su manna a kwali, a yi mata jela da guntun zare, a rataye a igiyar da ta ratsa falo. Aikin da ya rage wa almakashin nan ke nan, kuma tela bai taɓa yi wa wani mai kuɗi yanka da natsuwar da yake bi da ƙafafun bareyin nan ba.

Ciwon ya fara ne da haɗiyar takarda biyu-biyu. Daga nan muryarta ta dushe, gurrr ya koma nishi. Mai gyara ya zo, ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Baba, an daina yin kayan irin wannan. Ka dai riƙa lallaɓa ta.” Aka yi ta lallaɓawa. A zuwanta na ƙarshe kafin rasuwar, Shugaba ta ce ta gaji da bareyin da ke lilo, tana son mai tsayuwa da ƙafarta. Tela ya so ta tarar da ita a tsaye, sai ya zura wa marigayiyar kwali mai kauri maimakon takarda. Ta karɓa ba musu, kamar yadda ta saba. Ta fitar da kai da wuya, ta ce ƙat sau ɗaya, fitilarta ta mutu.

Tela bai zauna ba. Ya lallaɓa shagon buga takardu na bakin titi, aka buga masa bareyi masu kyau, baƙi ƙirin, ƙaho biyu cif. Da Asabar ta zo, Shugaba ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta ajiye.

“Wannan ba tamu ba ce,” in ji ta. “Ba abin da zan gyara mata.”

Ta karɓi wayar mahaifiyarta, ta zauna a lungun kujera har lokacin tafiya ya yi. Asabar ta gaba Shugaba ba ta zo ba. Ubanta, ɗan tela, ya kira ya ce, “Baba, kada ka damu, zan sayo maka sabuwa.” Tela ya tambaye shi ko sabuwar ta san a bar ƙahon hagu. Ɗan ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Tela kuwa ya san abin da ya mutu a kan teburin nan ya fi firinta, kuma yana jin tsoro.

Marigayiyar ta bar garken bareyi a kan igiya, kowace da ƙahon da babu irinsa. Ta bar gwangwanin fensira masu launi, kwalbar gam da ta fara bushewa, almakashi ɗaya, da tsoho ɗaya. Ta kuma bar marainiyar da ta maƙale a bakinta, wadda har yanzu ba a ciro ba, domin tela ya ce ba shi ne mai ba da umarni a gidan ba.

An lulluɓe gawar da ragowar yadi, tana nan kan teburin yanka. Za a sauko da ita ranar Asabar da hantsi, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira a ƙofar gida da kurarsa. Masu ta'aziyya su hau a hankali, fitilar matakala ta lalace. Ba za a ɗaga ta ba sai Shugaba ta iso ta yi mata kallon ƙarshe. Mahaifiyarta ta aiko cewa, “Baba, ka yi haƙuri, yanzu tana da darasi duk Asabar.” Saboda haka idan kun zo kun tarar ba a fito da ita ba, an ɗaga zuwa Asabar ta gaba. Tela ya riga ya fere fensiran.