Rasuwar Gangar Mama Ablawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Afiavi ta bakin teku a Grand-Popo, ƙasar Benin, tana sanar da rasuwar gangar ƙarfen mahaifiyarta, ranar Talata da hantsi.

Shekara talatin marigayiya tana kyafa kifi da ɓawon kwakwa. Ita ta ciyar da yara biyar, hayaƙinta kuma ya cinye idanun Mama Ablawa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai “ƙas, ƙas” in ta huce.

Da Mama ta makance, Afiavi ta gaji gangar. Ita da ƙawayenta suka riƙa zuba mata garin hayaƙi mai launi, su cinna a kan yashi, ja da shuɗi su turnuƙe sama, don tunawa da matan da aikinsu ke bin iska ba mai cewa sannu. Dokarsu, ba a ɗaukar hoto. Minti huɗu, shi ke nan, sai gangar kaɗai ta rage. Mama kan zauna kusa, ta shaƙi ƙaurin kifin da ke fitowa tare da launin, ta ce, “Yauwa, ga ni can ina tashi.”

Jinyar ta fara ne ranar da aka ce baƙi za su zo kallon hayaƙin daga Kwatano. Afiavi ta ji kunyar baƙin maiƙon kifin da ya lulluɓe gangar, ta kankare shi tas. Wayyo! Ashe maiƙon ne ke tsare ƙarfen daga gishirin teku. Damina ɗaya tsatsa ta gama da ita, gindinta ya zube.

Da aka kai gawar gaban Mama, ta shafa, ta shinshina, ta ce, “Ke Afiavi, wannan ta wace ce? Ba ta warin komai. Kawo min tawa.”

Har yau Afiavi ba ta iya faɗa mata ba, kuma abin na cin ta.

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, ragar waya, da mata tara masu tari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, bayan rumfar masunta. Kowace mace ta zo da ɓawon kwakwa, ban da kyamara. Mama ta ce za ta zo, tana son ta tambayi jama'a ko wani ya ga gangarta.