Dama Karsana, Hagu Guzuma

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na kuma koyar da shi shekaru a makarantar sakandare, kuma abin da na fahimta shi ne, ba yaƙi ne ke kayar da manyan mutane ba. Ƙaramin abu ne, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Ni nawa murfin taya ne, kuma ko zan manta sunayen sarakunan da na koyar duka, ba na jin zan manta da yammacin da ya kayar da ni a unguwar Yindiski.

A tsakiyar shekarun casa'in ne na gaji mota daga wani kawuna. Motar Jamus ce, irin mai tauraro a goshi, wadda in ta tsaya a bakin kasuwar shanu har dillalai kan rage murya. Malamin makaranta da irin wannan mota abin kallo ne a Potiskum (man da zan zuba mata kuwa, wannan wani darasi ne daban). Aibinta ɗaya: tsohon yayi ce. Masu ƙera ta sun fito da sabuwa, jiki kusan iri ɗaya, sai dai sun sauya murfin taya. Na tsohuwar ƙarfe ne mai walƙiya, an shafa masa fentin jikin motar a tsakiya. Na sabuwar shafaffe ne, ruwan toka, da 'yan ramuka a gefe. Da murfin nan masana mota na garinmu ke gane shekarunta, kamar yadda ake buɗe bakin saniya a duba haƙora.

A lokacin ina neman auren Hajara, ma'aikaciyar jinya, 'yar Alhaji Buba. Alhaji Bafillace ne da ya bar daji ya zauna gari, ya zama babban mai fataucin shanu zuwa Kudu. Ita Hajara ta amince da ni. Shi ne bai ce komai ba, kuma a gidan nan shirunsa ya fi maganar kowa nauyi. Sai na yi lissafi irin na masu ilimi: idan motata ta zama sabuwar yayi, ni ma zan zama sabon yayi.

Na je wurin wani mai sayar da kayan mota a unguwar Dogo Tebo. Ya tono mini sabon murfi guda biyu daga ƙarƙashin tarkace.

Na ce, "Sauran biyun fa?"

Ya ce, "Suna hanya daga Kano, Malam."

(Ina jin har yau suna hanya.)

Mai hankali zai jira. Ni kuwa na ɗaura su biyun a gefen dama, gaba da baya, na bar tsofaffin a hagu. Gidan Alhaji yana hannun dama in ka shiga layinsu, don haka duk wanda ya leƙo daga zaure sabuwar mota zai gani. Matsalar ita ce fita, domin in na juya, hagu za ta fuskanci gidan. Sai na daina juyawa. In na gama zance da Hajara bayan la'asar, da baya da baya nake fita har bakin titi, wuyana a murɗe, awaki na tsere. Da Hajara ta tambaye ni dalili, na gyara murya na ce ban iya juya wa gidan surukaina baya ba. Maganar ta shiga cikin gida, har wata gwaggonta ta aiko mini da fura, wai rabonta da ganin yaro mai kunya irina tun suna ruga.

Ana haka Alhaji ya aiko yana son ganina. Na sa babbar rigata mai aska, na wanke gefen dama har sau biyu, na ajiye motar yadda na saba. Sai ga shi ya fito da amininsa Baba Madu, wani dattijo Babarbare mai dogon carbi, da wasu dillalai uku. Maimakon su shiga zaure, sai Alhaji ya tsaya ya zuba wa motar ido, ya ce, "To, wannan ce ta Malam ɗin."

A nan ne ilimina ya gaza. Na manta cewa mai fataucin shanu ba ya duban dabba ta gefe ɗaya. Zagaya ta yake yi. Alhaji ya goya hannu a baya, ya fara daga goshi, ya bi dama yana gyaɗa kai, ya dafa bayanta kamar mai taɓa gindin saniya, ya nufi hagu, jama'arsa na biye.

Ban san lokacin da na riga su ba. Na zube a gaban tayar baya ta hagu, na durƙusa, na baza babbar riga ta rufe murfin ruf, na jingina da shi.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, Malam. Ai mun gaisa."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau."

"Ya shanu? Ya waɗanda suka tafi Kudu? Ya waɗanda ba su tafi ba?"

Na gaishe shi da ruwan bana, na gaishe shi da na bara. Na tambayi lafiyar 'yan'uwansa na Gadaka, waɗanda ban taɓa gani ba. Duk wannan kuwa tayar gaba tana can tsirara, tsohon murfinta na walƙiya a rana, domin riga ɗaya ba ta rufe taya biyu. Wannan lissafi ne na aji ɗaya, amma sai a lokacin ya zo mini.

Alhaji ya ce, "Malam, gaishe ni kake yi, ko tayar kake yi wa inuwa? Tashi mana."

Na tashi. Ashe jinginar da na yi ta ɓalle tsohon murfin. Ya faɗo, ya gangara tsakanin ƙafafun dattawa, ya kwanta yana juyi yana ƙara kamar faranti a hannun mai koyon wanke-wanke. Duk muka bi shi da ido har ya gama.

Baba Madu ya leƙa dama, ya dawo ya leƙa hagu, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Alhaji, ni dai tun da nake kasuwa ban ga irin wannan ba. Dama karsana, hagu guzuma!"

Dillalan suka fashe da dariya. Ɗaya har da riƙe bango. Alhaji bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, in na ba ka 'yata, a wane gefe za ta zauna?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ko'ina ta zauna ɗaya ne. Motar gaba ɗayanta guzuma ce."

Sai a nan ya murmusa. Ya ce, "Yawwa. Yanzu muka fara ciniki. Ɗauki farantinka mu shiga ciki."

An ɗaura aure bayan sallar layya. Na mayar da tsofaffin murafan, duk huɗun suka koma iri ɗaya, na koyi juya mota kamar kowa, na kuma koyi cewa in za ka yi ƙarya da mota, ka tuna kowane titi gefe biyu gare shi. Wannan darasin ma ba ni na gano shi ba. Hajara ce, bayan mun tare, da nake yi mata alfaharin cewa ba don zagayen nan na mahaifinta ba da asirina bai tonu ba. Ta dube ni yadda take duban majinyacin da ya ƙi shan magani.

Ta ce, "Malam, masallacin layinmu a tsallake yake, daidai inda kake ajiye motar. Ta hagunta Baba yake dawowa kullum."